Tsere da Agogo: Yadda Masu Keke Suka Koyi Ƙara Gudu

A cikin wasannin keke akwai wani tsere da ɗan kallo kan rasa abin da zai kalla a cikinsa. Ba a tashi tare, ba a cunkoso, kuma doka ta hana kowa ya laɓe a bayan wani. Mai agogo yana tsaye a bakin layi, wani mutum ya riƙe wa mahayi sirdi don kada ya faɗi tun da ƙafafunsa biyu suna kan feda. A ƙirga masa daƙiƙa biyar na ƙarshe da ƙarfi, a sake shi. Bayan minti ɗaya a saki na biyu, haka har a gama. Wanda ya cinye tazarar cikin lokaci mafi ƙanƙanta shi ya ci, ko da bai haɗu da kowa a hanya ba.

Ni dai duk cikin tseren keke wannan na fi so, saboda shi ne wanda mutum zai zauna da alƙalami ya bi tarihinsa, ya ga daidai shekarar da gudu ya ƙaru da abin da ya ƙara shi. Wanda ya bi wannan lissafi na kusan shekara 130 zai tarar ƙarfin cinyar ɗan Adam bai canja sosai ba. Abin da ya canja shi ne sanin yadda ake raba wannan ƙarfi a tsawon hanya, da yadda ake kauce wa iska.

Dokar hani ce ta haifi wannan tsere. A Ingila, ƙarshen ƙarni na 19, hanya ta masu doki ce da keken doki, mai keke kuwa baƙo ne da ake wa kallon ɗan iska. ’Yan sanda suna kama masu gudu bisa laifin tuƙin ganganci. Hukumar masu keke ta lokacin, National Cyclists’ Union, ta ji tsoron kada gwamnati ta hana hawa keke a titi baki ɗaya, sai ta riga gwamnatin: a 1890 ta haramta wa ’ya’yanta tsere a kan hanya, ta ce kowa ya koma filin zagaye. Wasu ƙungiyoyi suka yi kunnen ƙashi. A watan Yulin 1894, ana tseren mil 50 na ƙungiyar North Road a arewa da Landan, mahaya suka wuce wata mata a keken dokinta, dokin ya firgita, aka yi faɗuwa. Matar ta kai ƙara, ’yan sandan yankin suka ce tsere ya ƙare a hanyarsu.

Ɗaya daga cikin mahayan ranar, Frederick Thomas Bidlake, shi ya nemo mafita. Tunaninsa mai sauƙi ne. Ɗan sanda yana gane tsere ne idan ya ga gungun mutane suna rige-rige. Idan kuwa mutum ɗaya ya wuce shi da sauri, sai bayan minti guda wani ya wuce, me zai ce? Mutane ne kowa na sha’aninsa. Ranar 5 ga Oktoban 1895 ƙungiyar North Road ta yi tseren mil 50 a kan wannan tsari.

Daga nan wata al’ada ta kafu, mai kama da ta ’yan ƙungiyar asiri. Ana tashi da asuba kafin gari ya waye. Mahayi yana sa baƙaƙen kaya daga wuya har idon sawu don kada ya ja hankali. Ba ya ɗaura lamba. In ya iso ƙarshe sai ya ɗaga murya ya faɗa wa mai agogo lambarsa. Takardar sunayen mahaya ana buga mata gargaɗin cewa sirri ce. Hanyoyin ma ba a kiran sunansu, sai a ba kowace harafi da lamba, irin su F1 da E72, wanda ya sani ya sani. A 1922 ƙungiyoyin suka kafa majalisar da za ta tsara musu dokoki, a 1937 ta zama Road Time Trials Council, yau kuma sunanta Cycling Time Trials. Ɓuya ta daɗe da ƙarewa, baƙaƙen kaya sun tafi, amma har gobe da waɗancan lambobi ake kiran hanyoyin.

Abin da ɓuyar ta bar wa Ingila ya fi lambobin hanya muhimmanci. Tun da tazarar ba ta canjawa, mil 10 ne ko 25 ko 50 ko 100, ko kuma a ba ka awa 12 a ga iyakar inda za ka kai, sai kowane mahayi ya samu ma’aunin kansa. A lokacin bazara ƙungiyoyi kan yi tseren mil 10, wato kilomita 16, da yamma bayan an tashi aiki. Malamin makaranta da birkila da dattijo mai shekara 70 duk su hau layi ɗaya. In an gama a taru a sha shayi a gaban allon sakamako. Mutumin da ya zo na 40 yana iya komawa gida ya fi wanda ya zo na ɗaya murna, don ya rage daƙiƙa 8 a kan lokacinsa na bara. Babban burin mahayin ƙungiya kuwa shi ne ya yi mil 25, kilomita 40 ke nan da ’yan kai, ƙasa da awa ɗaya.

Gwanayen wannan zamani ma’aikata ne masu neman abinci kamar kowa. A watan Agustan 1956 Ray Booty, mutumin Nottingham, ya zama na farko da ya yi mil 100 ƙasa da awa huɗu: awa 3, minti 58, daƙiƙa 28. Kekensa ƙirar Raleigh ne, kamfanin nan na garinsu da Ralinsa ya cika ƙasar Hausa. Giya ɗaya tak gare shi, irin wadda ba ta barin ƙafa ta huta, muddin taya na juyawa feda na juyawa. Kuma a kan keke ya taho daga Nottingham zuwa wurin tseren ana gobe za a yi.

Beryl Burton ta fi shi ban mamaki. Matar aure ce daga Yorkshire, tana aikin ƙarfi a gona, ta riƙe kambun gwanar gwanayen mata na Birtaniya shekara 25 a jere, daga 1959 zuwa 1983. A 1967, a tseren awa 12, ta kamo Mike McNamara wanda aka saka kafin ita, alhali shi kansa yana kan hanyar kafa sabon tarihin maza. Da ta zo wuce shi sai ta miƙa masa alawa, ya karɓa. Ya gama da mil 276.52, ita ta gama da mil 277.25, kimanin kilomita 446. Shekara biyu tarihin mata ya fi na maza tsawo, kuma sai bayan shekara 50 wata mace ta wuce ta. Sai Alf Engers, mai gashin burodi a Landan, wanda a watan Agustan 1978 ya yi mil 25 cikin minti 49 da daƙiƙa 24, na farko da ya sauka ƙasa da minti 50.

A Faransa tseren ya bi wata hanya, domin can ba a hana tsere a titi ba, ba wanda ya yi ɓuya. A 1932 aka fara Grand Prix des Nations a kewayen Faris, tazarar kimanin kilomita 140, mutum shi kaɗai. A 1934 gasar Tour de France ta sa tsere da agogo cikin zangunanta, Antonin Magne ya ci. Amma wanda ya mayar da abin sana’a shi ne Jacques Anquetil, ɗan mai noman ’ya’yan itace daga kusa da Rouen. Yana da shekara 19 ya ci Grand Prix des Nations a 1953, ya ba na biyu ratar fiye da minti 6. Ya ci gasar sau tara, ya ci Tour de France sau biyar, kuma yawanci a ranar agogo yake tara ratar da zai rayu a kanta har Faris.

Wanda ya kalli tsofaffin hotunan bidiyonsa zai ga abu biyu. Bayansa a miƙe yake, kafaɗunsa ba sa rawa, yatsun ƙafarsa suna kallon ƙasa, kai ka ce ba wahala yake sha ba. Na biyu, gudunsa a kilomita ta 10 da ta 100 kusan ɗaya ne. Wannan shi ne darasin farko na sana’ar, kuma shi ya fi wuyar koyo. Jiki yana da wani mizanin wahala da zai iya riƙewa na awa guda. Ka wuce shi da kaɗan a minti biyar na farko, lokacin da jini ke tafasa kuma ƙafa ba ta gaji ba, sai ka biya bashin ninki a ƙarshe. Shi ya sa tsofaffin mahaya ke gaya wa yara su tashi kamar suna jin kunya, su bar wahalar ta same su a hanya.

Darasi na biyu iska ce, kuma an daɗe ana kallonsa ba a gani ba. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke da babbar riga yana fuskantar iskar hunturu ya san abin da nake nufi: rigar ta cika ta kumbura, kana taka feda kamar kana jan buhu, ka naɗe hannayen rigar ka sunkuya sai ka ji keken ya saki. A gudun kilomita 40 cikin awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mafi yawan ƙarfin mahayi, fiye da kashi 80 cikin ɗari, yana tafiya ne wajen ture iska. Kuma mafi yawan abin da iskar ke bugu jikin mutum ne, keken ƙaramin rabo gare shi. Lissafin ba shi da tausayi. In kana so ka ninka gudunka, ƙarfin da iska za ta nema a wurinka sai ya ninka sau takwas. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari na gudu, daga 40 zuwa 44, yana cin ƙarin kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfi. Ba atisayen da zai ba ƙwararren mahayi wannan ƙari. Sai dai ya rage abin da iska ke samu ta kama.

Inda aka fi ganin haka shi ne tarihin awa ɗaya: a sa mutum a filin zagaye, a ba shi minti 60, a auna inda ya kai. Henri Desgrange, wanda daga baya ya kafa Tour de France, ya yi kilomita 35.325 a Faris a 1893. A 1914 Oscar Egg ya kai 44.247, tarihin ya tsaya nan shekara da shekaru. A 1933 wani Francis Faure, wanda ba ya cikin manyan gwanaye, ya hau wani keke da Charles Mochet ya ƙera wanda ake tuƙawa a kishingiɗe, ya yi 45.055. Hukumar keke ta duniya, UCI, ta duba abin a 1934 ta ce wannan ba keke ba ne. Aka rufe maganar, aka bar darasin a ƙasa har shekara 50.

A tsakanin nan hankalin kowa ya koma kan nauyi. Mahaya suka riƙa huda ƙarafan kekensu da abin huji don rage ’yan giram. Keken da Ernesto Colnago ya ƙera wa Eddy Merckx bai kai kilo 6 ba. Ranar 25 ga Oktoban 1972, a birnin Mekziko, inda tsayin ƙasa ya haura mita 2,200 kuma iska ba ta da kauri, Merckx ya yi kilomita 49.431. Ya tashi da gudun wuce kima, ya sha azabar da sai da aka riƙe shi bayan ya sauka, kuma mutane suka ɗauka an kai ƙarshe. A watan Janairun 1984 Francesco Moser na Italiya, yana da shekara 32, ana ganin ƙarfinsa ya fara ja baya, ya zo birnin da likitoci da injiniyoyi. Kekensa ya fi na Merckx nauyi, amma wilinsa rufaffe ne kamar faifai, gaban keken a ƙasa, kayan jikinsa a manne. Ya yi 50.808, bayan kwana huɗu ya yi 51.151.

Duniya ba ta gama yarda ba sai ranar 23 ga Yulin 1989. Zangon ƙarshe ne na Tour de France, tsere da agogo daga Versailles zuwa Faris, kilomita 24.5. Laurent Fignon na Faransa yana gaba da daƙiƙa 50, kuma masana sun ce a ’yar wannan tazara ba a cike irin wannan rata. Greg LeMond na Amurka, wanda shekara biyu da suka wuce aka harbe shi bisa kuskure a wurin farauta har ya kusa mutuwa, ya fito da hular kwano mai tsini ta baya, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya ɗaura a kan keken, wanda ya aro daga masu wasan iyo da keke da gudu. Yana ɗora gwiwoyin hannunsa a kai kusa da juna, hannayen su miƙe gaba, ƙirjinsa ya tsuke. Ya ce kada a riƙa gaya masa rata a hanya. Fignon ya fito kai ba hula, gashinsa a ɗaure yana kaɗawa, hannayensa a buɗe a ƙahon keke, ga kuma miki a mazauninsa da ke hana shi zama daidai. LeMond ya gama cikin minti 26 da daƙiƙa 57, gudun kilomita 54.5 a awa, ya tsaya yana kallon agogo. Fignon ya iso a makare da daƙiƙa 58, ya zube a ƙasa. Bayan mako uku da fiye da kilomita 3,200, daƙiƙa 8 suka raba su. Shekarar da ta biyo baya kusan kowa ya ɗaura irin wannan ƙarfe.

Amma gwarzona a wannan tarihi Graeme Obree ne, mutumin Sikotilan wanda shagon kekensa ya karye, ba shi da kamfani a bayansa, ba shi da ɗakin gwajin iska. Ya lura hannaye suna kama iska, sai ya naɗe su a ƙarƙashin ƙirjinsa ya kwanta a kansu. Ya lura ƙafafu suna buɗewa da yawa, sai ya tsuke wurin feda, ya cire ƙarfen saman firam don kada gwiwa ta buge shi. Da hannunsa ya yi waldar keken, har da boris da ya ciro daga injin wanki. A watan Yulin 1993 ya je Hamar a ƙasar Nowe don ya karya tarihin Moser. Ranar farko, a kan wani keken da aka ƙera masa, ya gaza. Ya ce zai sake da safe. Don kada jikinsa ya sandare, ya sha ruwa da yawa kafin ya kwanta, yadda fitsari zai riƙa tashinsa cikin dare ya miƙe gaɓoɓinsa. Washegari, 17 ga wata, ya hau nasa na gida ya yi 51.596.

Kwana shida ya riƙe tarihin, Chris Boardman ya karɓe a Bordeaux da 52.270. Obree ya sake ƙwacewa a 1994. UCI ta haramta irin zamansa a kan keke. Ya ƙirƙiro wani, hannaye a miƙe gaba can nesa, ya ci gasar duniya da shi a 1995. Boardman ya ari wannan zama, a watan Satumban 1996 a Mancesta ya yi 56.375. UCI ta haramta shi ma, a 2000 kuma ta ce daga yanzu duk mai son tarihin awa sai ya hau keke irin na Merckx.

Wannan hukunci, ba da niyya ba, ya yi mana gwajin da ya fi kowane. Boardman ya amsa, a watan Oktoban 2000 ya hau keken gargajiya a filin nan na Mancesta, ya yi 49.441. Mita 10 ya ɗara Merckx, bayan shekara 28, ko da yake shi bai samu sauƙin iskar tudu ba. Mutum ɗaya, fili ɗaya, amma tsakanin zaman nan da wancan akwai kusan kilomita 7 a cikin awa guda.

Tarihin yana da datti, kuma bai kamata a ɓoye ba. Anquetil bai taɓa musun shan ƙwayoyi ba, kuma an ƙi amincewa da tarihin awa da ya kafa a 1967 don ya ƙi gwajin fitsari. Moser ya amsa daga baya cewa an yi masa ƙarin jini, abin da dokar lokacin ba ta hana ba. Shekarun 1990 sun cika da maganin ƙara jini na EPO, kuma a 2012 aka ƙwace wa Lance Armstrong kambun Tour de France bakwai. Wasu lambobin wancan zamani sai a karanta su da taka-tsantsan.

Abu na uku da ya canja sana’ar shi ne awo. A 1986 wani Bajamushe, Ulrich Schoberer, ya ƙera na’urar da ake sawa a wurin feda tana nuna ƙarfin da ƙafa ke bayarwa a kowace daƙiƙa. Abin da Anquetil ke ji a jikinsa, yanzu mahayin ƙungiya yana karanta shi a ɗan allo a gabansa. A 2014 UCI ta sassauta dokarta, aka dawo rububin tarihin awa. A watan Agustan 2022 Dan Bigham, injiniya ɗan Ingila wanda sanin iska ne aikinsa, ya yi 55.548 a Grenchen ta Suwizalan. Bayan mako bakwai ya taimaka wa Filippo Ganna na Italiya, wanda ya fi shi ƙarfi nesa, ya karya tarihin nasa da 56.792. A watan Satumban 2025 gasar duniya ta tseren titi ta zo Afirka karon farko, a Kigali, inda Remco Evenepoel na Beljiyam, ɗan ƙaramin jiki mai iya dunƙulewa a kan keke, ya ci tsere da agogo karo na uku a jere.

Keken irin su Ganna kuɗinsa ya fi na mota, kuma kamfanoni suna so ka ɗauka gudu a shago ake sayensa. Tarihin bai goyi bayansu sosai ba. Booty da giya ɗaya ya yi nasa, Obree da boris ɗin injin wanki. Mai son ƙara gudunsa ya fara da abin da ba a biya: ya zaɓi hanya ɗaya marar cunkoson motoci wadda ya san tsawonta, ya je ya dawo don iska ta ba shi ta kuma karɓa, ya rubuta lokacinsa. Ya sunkuyar da kai da kafaɗa iyakar yadda zai iya riƙewa yana ganin gabansa, ya tsuke gwiwar hannu, ya bar riga mai kaɗawa. Ya tashi a hankali, ya ƙara ƙarfi a hawa da inda iska ke gabansa, ya sassauta a gangara. Ya canja abu ɗaya a kowane gwaji, don ya san me ya yi aiki. Sai ya ƙure waɗannan sannan kuɗin sabon wili zai yi masa amfani.